Ranar da Tele Ta Nuna Luƙman

Babanmu Ɗan'azumi ɗan kokawa ne. Ya bar fili tun ban yi wayo ba, amma ita kokawar ba ta taɓa barinsa ba. A Dumega aka haife shi, can ya yi tashensa, daga baya ya dawo Dogon Dutsi ya kama sayar da hatsi a kasuwa. Bai taɓa cin takobin ƙasa ba, wanda ake ba zakaran kokawa, kuma ba ya son a tuna masa. Abin da yake tunƙaho da shi ɗaya ne: tunda ya fara shiga fili, wai bai taɓa ja da baya ba ko da taki guda. Mun ji wannan magana a bakin tuwo, mun ji ta ranar suna, mun ji ta har a zaman makoki. Ni Fadila, 'yarsa ta fari, na haddace ta kafin in haddace Fatiha.

Ƙanena Luƙman kuwa Allah bai ba shi jikin kokawa ba. Siriri ne, dogo, sai dai gudu. In Inna ta aike shi kasuwa, kafin ta ɗora tukunya ya dawo. Baba ya gwada shi a yashi tun yana ƙarami, yara suna ta nana shi da ƙasa, har ya haƙura ya ce wannan ɗan Shatu ne, wato Inna, ba nasa ba. Da wasa ya faɗa, kowa ya yi dariya. Luƙman ma ya yi, amma ni na ga idonsa.

Da ya gama kwalej sai Kawu Rashid, ƙanen Inna da ke tuƙin mota a Amurka, ya ɗauke shi. Can a makaranta wani malamin wasanni ya ga gudunsa ya sa shi a ƙwallon ƙasar, wadda ake yi da hannu, ana sanye da hular kwano, ƙwallon kuma kamar gwanda. Daga nan wata jami'a ta ɗauke shi, ya yi mata wasa, ita kuma ta ba shi karatu.

Ni malamar kwalej ce, tambaya sana'ata ce, don haka na tsare shi a waya sai da ya fahimtar da ni aikinsa. Ya ce sunan wurinsa kwanabak, wato mai tsaron gefe. Abokan hamayya suna da wani mai gudu da ake jefa wa ƙwallo daga nesa. Aikin Luƙman shi ne ya manne wa wannan mutum kada ƙwallo ta same shi. Kuma da yake bai san inda mutumin zai nufa ba, dole ya fara da gudu da baya, fuskarsa na kallonsa, sai ya gane inda ya dosa sannan ya juya ya bi shi.

"Yaya, ba ido nika dubi ba," in ji shi. "Ido maƙaryaci na. Kahwaɗa ma tana ƙarya. Ƙugu nika dubi, don inda ƙugu yan nuhwa, nan mutum za shi."

"To in ka tsare shi da kyau, mi ka hwaruwa?"

"Ba komi. Mai jihwa shi duba wajena, shi ga ba hanya, shi jehwa wani wuri. Ranar da niy yi wasa mai kyau, ko sunana ba za ki ji ba."

A shekararsa ta uku a jami'a ya kira ni yana murna, wai duk kakar wasan da kyar ake jefo ƙwallo ɓangarensa. Na kai wa Baba labari da zafinsa. Baba yana auna gero, bai ko ɗago ba ya ce, "To, an raina shi ke nan." Na yi bayani har bakina ya bushe. Ya ce in miƙo masa tiya.

Da ya gama jami'a wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi, wasa ya zama sana'a. Ya gyara mana gida, ya sa aka kafa mana faranti mai amfani da hasken rana saboda ɗaukewar wuta, aka sayo tele babba da tauraronta. Sai ga Baba, mutumin da bai taɓa tambayar yadda ake wasan ba, yana bi rumfa rumfa a kasuwa yana gayyata. Ran Lahadi a zo a ga ɗansa yana kokawa da ƙartin Amurka.

Wasan yakan fara ne da yamma lis, gab da magariba a wajenmu. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka fito da tele, aka ɗora shayi. Cikin waɗanda suka zo har da Rufa'i tela, taubashin Baba. Kowa ya san taubashi: ya faɗa maka abin da ya ga dama, in ka yi fushi kai ne abin dariya. Rufa'i kuwa bakinsa ya fi almakashinsa kaifi.

Aka fara. Mutane suka rufta wa juna, aka busa, aka tashi, aka sake ruftawa. Ita tele ƙwallo take bi, inda ƙwallo ta je nan take zuwa. Luƙman yana can gefe, sai dai a hango lambar rigarsa a bakin allo kafin a fara, da an fara ya ja da baya ya fice daga hoton. Aka kira salla, aka je aka dawo. Aka yi isha'i aka dawo. Har aka tashi ba a nuna fuskarsa ba, ba a ambaci sunansa ba. Ƙungiyarsu ta ci, kuma ni na san dalili, don mutumin da aka ba shi ya tsare ko ƙwallo ɗaya bai taɓa ba. Na yi ta faɗa, ba mai saurarona.

Rufa'i ya kurɓe shayinsa ya ce, "Ɗan'azumi, ni dai abu guda nig gani. Da an busa, ɗanka ka hwara gudu, kuma da baya. Wannan gadon wa na? Ko kai ma hakanan kaka yi Dumega, ba mu sani ba?"

Aka fashe da dariya. Baba ma ya yi, irin wadda haƙora kaɗai ke yi.

Haka aka yi ta yi, Lahadi bayan Lahadi, mutane suna raguwa. Sai wata rana tele ta nuna shi. Wani dogo ya yaudare shi, ya yi kamar zai shiga ciki ya fita waje, ƙwallo ta sauka a hannunsa, ya wuce. Ga Luƙman a baya yana bi, ya miƙa hannu ya kama iska, ya faɗi rub da ciki. Suka maimaita hoton, suka sake maimaitawa a hankali, daga gaba, daga sama, kamar masu gayya. Ranar ce Dogon Dutsi ta fara ganin fuskar ƙanena a tele.

"Alhamdu lillahi," in ji Rufa'i. "Yau dai mun gan shi. Ashe shina nan."

Washegari da hantsi Baba ya ce in kira masa Luƙman. Na san abin da zai faɗa, na tare shi tun kafin waya ta shiga.

"Baba, ja da baya ga rago ba tsoro ba na. Aikinai ke nan, don shi aka biyanai."

"Madalla, malama," ya ce. "Rago in ya ja baya, karo yaka kaiwa. Shi ina karon?"

Har yau ina jin haushin karin maganar nan. Waya ta shiga, ya karɓa.

"Luƙman, ni ban san wasanku ba, amma na san namiji. Na tara mutane ƙohwar gidana, sun zo ba su ga kowa ba. Randa sunka gan ka, kana ƙasa. In kana cikin hilin nan, bari in gan ka. Tari mutum gaba da gaba, ko sau guda, in samu abin hwaɗi kasuwa."

Luƙman ya ce, "To, Baba."

Da Baba ya fita na sake kiransa. Na ce kada ya kuskura ya canza abin da ya iya saboda surutun tela. Na ce masu koyar da shi sun fi Baba sanin wasan, kuma ƙartin nan wasunsu sun yi biyunsa. Ya bar ni na gama faɗana tas.

"Yaya, tun ina yaro ban taɓa yin abin da yad duba sau biyu ba. Yanzu ya zamna gaban tele don ni. Ki bar ni."

Tun daga ranar tsoro ya shige ni, kuma bai fita ba.

Lahadin da ta biyo baya sai ga wani Luƙman daban. Ya bar mutuminsa ya yi caca, ya yanko ta gaban wani ya cafke ƙwallo a sama, ya zuba da gudu filin yana ihu. Aka nuna shi yana buga ƙirji. Baba ya miƙe tsaye, hularsa ta faɗi, yana yi wa kansa kirarin da rabonsa da shi tun yana saurayi. Washegari ya yanka rago. Ya aika wa Rufa'i da kai da ƙafafu, wai ya ci ya ƙara basira.

Ina karanta abin da ake rubutawa a kansa, ina kuma jin masu sharhi da Faransanci. Sun ce yaron ya canza, ya zama mai kasada, yau ya burge gobe a wuce shi. Shi da kansa ya gaya mini mai horar da su ya zaunar da shi ya tambaye shi abin da ke damunsa. Amma a gidanmu tabarmi ba sa isa. Duk sanda ya bangaje wani, tsakar gida ta ɗauki sowa, Baba ya waiwaya ya nemi idon Rufa'i. Inna ba ta kallo. Tana ɗaki da carbinta, in ta ji ihu sai ta leƙo ta tambaye ni ko lafiya.

Ranar da abin ya faru an gama girbin gero, gari cike da baƙin kasuwa, har kan katanga akwai mutane. Ba a daɗe da farawa ba aka miƙa ƙwallo ga wani gajere mai faɗi, irin waɗanda aikinsu shi ne su rungume ta su ratsa mutane. Ya ɓalle ta gefen Luƙman. Na san abin da aka koya masa, don ya sha gaya mini: ka ɗaga kai, ka sa kafaɗa, ka kama ƙafafu, ko ka tura shi waje. Bai yi ko ɗaya ba. Ya taho da gudunsa duka, ya sunkuyar da kai.

Har ta cikin tele mun ji ƙarar.

"Karo!" in ji Baba, yana tsalle. "Rufa'i, ka ga karo? Ɗana na! Jinina na!"

Gajeren ya faɗi, ƙwallo ta kuɓuce, aka rufta mata. Gajeren ya tashi yana girgiza kai. Kowa ya tashi. Luƙman yana kwance yadda ya faɗi, hannunsa ɗaya a ƙarƙashinsa, ɗayan a miƙe, ba abin da ke motsi.

Sowa ta mutu a hankali, daga gaba zuwa baya. Masu magani suka shigo fili da gudu. 'Yan wasan, nasu da na hamayya, suka durƙusa a gwiwa ɗaya. Tele kuwa ta tsaya a kansa, ba ta da wata ƙwallon da za ta bi. Aka kwance ƙarafan gaban hularsa, sai ga fuskarsa ta cika allon, idonsa a buɗe yana kallon sama, leɓensa na rawa. Aka rubuta sunansa a ƙasa da manyan baƙaƙe, da sunan jami'arsa, da sunan garinmu. Tunda aka sayo tele ɗin nan ba ta taɓa daɗewa a kan mutum ɗaya haka ba.

Masu sharhi suna ta magana ƙasa ƙasa. Baba ya juyo, muryarsa ba tasa ba.

"Fadila, mi suka cewa?"

Da na so, da na ce addu'a suke yi. Ban so ba. Raina ya ɓaci, kuma na fassara masa kalma bayan kalma, da ƙarfi, yadda na kan katanga ma za su ji.

"Sun ce tun shina jami'a masu jihwa ka tsoron ɓangarenai. Sun ce ƙwararren mai tsaron gefe shi na wanda ba ka ganinai, kuma kahin watan ga, duk ƙasar ba su da kamatai wajen ɓacewa. Sun ce ba su san abin da yas same shi ba kwanan ga."

Rufa'i ya ajiye kofinsa a hankali. Ladan ya kira magariba, ba wanda ya motsa sai da ya kai ƙarshe. Inna ta fito, ta dubi allon, ta zauna a ƙasa inda take. Aka ɗaure Luƙman a kan katako, kai da wuya da ƙirji, aka ɗora shi a wata ƙaramar mota, tele tana biye da shi.

"Hwaɗa musu su bar nuna shi," in ji Baba. "Ya isa. Su bar nuna shi hakanan."

Wa zan gaya wa?

Ƙashin wuya ne ya tsage ya danne jijiya. Kawu Rashid ya kwana ya wuni a asibiti yana ba mu labari. Aka yi aiki. Bayan wani lokaci yatsun ƙafa suka motsa, daga baya hannun dama. Na hagu likitoci suka ce kada a sa rai sosai. Wasa dai ya ƙare, wannan ba sai an faɗa ba.

Baba ya rufe tele da buhu, ya daina zaman hira a kasuwa. Rufa'i bai sake taka gidanmu ba, ya dai aiko da riga da ya ɗinka wa Luƙman, mai maɓalli har ƙasa don kada a sha wahalar sa masa. Ni kuwa gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da Baba, ita ma a tsaye. Inna ta ce in ji tsoron Allah, uba uba ne, ƙaddara ce. Na ce na yarda da ƙaddara, amma a kunnena aka yi wayar nan.

Da damina ta kama, Luƙman ya ce gida yake so. Aka kawo shi ta Yamai, ya rame, wuyansa ba ya juyawa, in zai dube ka sai ya juyo da jikinsa duka. Baba ya tare shi a zaure, ya ce sannu da hanya, ya dubi ƙasa, ya ce zai je masallaci alhali lokaci bai yi ba. Kwana da kwanaki haka suke. Ya leƙa ƙofar ɗakin ya tambayi jiki, a ce da sauƙi, ya wuce.

Likitocin can sun ce dole ya riƙa taka ƙafa kullum, in ba haka ba abin da ya samu zai koma. Yadda ake yi, mutum ya tsaya a gabansa, ya riƙe masa hannuwa, yana ja da baya a hankali shi kuma yana biyowa. Ni nake yi kowace safiya kafin in tafi makaranta. Amma ko da ya rame ya fi ƙarfina. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ƙafarsa ta hagu ta ƙi ɗaguwa, ya taho kaina, muka zube tare a cikin taɓo. Na yi ta ƙoƙarin ɗaga shi na kasa. Ya ce in bar shi, ya gaji, ba zai sake ba. Na zauna a taɓon na fashe da kuka, na baƙin ciki da na haushi gaba ɗaya.

Ban san Baba yana zaure ba. Ya shigo, ya tuɓe babbar rigarsa ya rataya a igiyar shanya. Ya sa hannu a hammatar Luƙman ya ɗaga shi tsaye cak, kamar yadda yake ɗaga buhu. Ya zagayo gabansa, ya kama hannun dama, ya ɗauki na hagun da ke reto ya riƙe a tafinsa.

"Yaya aka yi?" ya tambaye ni, bai dube ni ba.

"Baya za ka yi."

Ya ɗaga ƙafa ya jefa ta baya kamar mai tsallake kwata. Ya sake, yana waiwaye, dunduniyarsa ta bugi turmi, suka yi tangal tangal su biyu. Mutumin da ya yi shekaru yana kokawa, ashe bai iya taku uku da baya ba.

"Baba," in ji Luƙman a hankali, "ba hakanan ba. Duƙa kaɗan. Sa nauyinka bisa yatsu, ba bisa dunduniya ba. Kada ka ɗaga ƙahwa, ja ta bisa ƙasa."

Baba ya duƙa. Ya ja ƙafa ɗaya, ya ja ɗayar.

"Bar waiwaye. In ka waiwaya, na hwaɗi ba ka gani ba."

"To ina zan duba?"

"Ƙuguna. In ya karkata, can za ni hwaɗi, sai ka tare."

Baba ya kafa ido a ƙugun ɗansa. Suka taho, shi yana ja, Luƙman yana biyowa, sawunsu na barin layi a taɓo. Gumi ya keto wa Baba tun ba su kai tsakiyar gida ba, cinyoyinsa na rawa.

"Wanga abu da wuya," ya ce. "Hakanan kaka yi, da gudu?"

"Da gudu, Baba. Da ƙato gabana."

Na ga ruwa yana bin gemun Baba, ban sani ba ko gumi ne. Hannun hagun nan yana cikin tafinsa, bai motsa ba, har yau kuma bai motsa ba. Inna ta janye turmin daga hanya. Da suka kai bakin rijiya Luƙman ya ce ya isa, Baba ya ce a'a, a koma. Na makara ranar, na tafi makaranta da taɓo a zanena, na bar su suna juyawa.